Yadda ake kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu a bakin tafkin kan dutse

Tafkin da ke kan tsauni ba ya tara tsuntsaye irin yadda fadamun Haɗeja da Nguru suke tarawa. A can dubbai ne duk inda ka waiga. A kan dutse ba su kai haka ba, sai dai gida biyu ne a wuri ɗaya: na ruwa suna gabanka, na dutse suna bayanka. Bayanin nan na tudun Jos ne, inda na fi sabawa: dam ɗin Lamingo a gindin duwatsun Shere, madatsun Kurra, da kududdufan da haƙar kuza ta bari warwatse a faɗin tudun. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, don haka sanyi da hazo da iska duk suna da hannu a cikin aikin. Wanda yake kusa da tafkin Tila a ƙasar Biu, ko tafkin Tison a gefen Ngaundere, zai iya bin waɗannan matakai ba tare da ya sauya abu mai yawa ba.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa shi ne na farko, tun kafin kyamara. Nemi wanda aka rubuta wa 8x42. Takwas ɗin na nufin yana jawo abu kusa ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da sassafe. Mai 10x42 ma ya yi, amma rawar hannu ta fi fitowa a cikinsa. Waɗanda ake talla a bakin titi masu jan gilashi, da aka rubuta musu lambobin burga irin 60x90, ka bar wa mai su. Ciwon kai kaɗai za su sa maka.

Kyamara kala uku ce. Akwai mai canjin gilashi, wadda ga tsuntsu take bukatar gilashin zuƙowa na aƙalla milimita 300, in da hali 400 zuwa 600. Akwai mai gilashi a jikinta da ke zuƙowa nesa ƙwarai, irin Nikon P900 da P950 masu ninki 83, ko Canon SX70 mai ninki 65. Ga ɗan koyo ni ita nake zaɓa wa, don ta fi arha, ba ta da nauyi a hawan dutse, kuma ba a buɗe cikinta ƙura ta shiga. Rauninta biyu: duhu, da tsuntsun da ke tashi. Ta uku waya ce. Ita kaɗai ba za ta ba ka komai ba sai ɗigo a tsakiyar ruwa, amma in ka manna idonta a idon madubin hangen nesa, ka jingina madubin a kan dutse, za ka sami hoton da zai isa a gane tsuntsu.

In na hannu za ka saya, ɗaga gilashin ga haske ka leƙa cikinsa. Farin zare-zare da ka gani fumfuna ce, kuma ba ta fita da gogewa.

Sauran kayan: batir biyu, domin sanyin hunturu yana zuƙe caji da wuri, memori na ƙari, sandar kyamara mai ƙafa uku. In babu ita, cika tsohuwar safa ko ƙaramar jaka da wake ko gero, ka ɗaure baki. A kan dutse wannan jakar ta ma fi sandar amfani, domin tana zama daidai kowane lungu. Sai ƙaramin littafi da biro, ruwan sha, buhu ko guntuwar tabarma ta zama, leda babba ta rufe kyamara, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba da ke kama dutse. Silifa ba ta hawa Shere.

Tufafi su zama masu launin ƙasa, toka ko ganye busasshe. Farar riga da farar hula ana hango su daga ɗaya gaɓar. Sa rigar sanyi a ciki wadda za ka iya cirewa, domin safiyar Disamba a Jos hannu yana ƙandarewa, amma kafin hantsi ya dubi ludayi ka fara gumi. Ka guji rigar ruwa mai ƙarar leda.

1. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa yana janyewa, laka tana fitowa a gefe, kuma baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai suna nan. Ciyawa ta bushe, ganinsu ya yi sauƙi. Nan ya kamata ɗan koyo ya fara. Damina kuwa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin ado ne: mulufi ya yi ja da baƙi, gado yana saƙa, zalaidu ya saki dogon wutsiya. Sai dai dutse yana santsi, ciyawa ta rufe hanya, hadari kuma ba ya sallama.

A yini, sa'o'i uku na farko bayan gari ya waye su ne jarin. Rana a Jos tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 saura, gwargwadon wata. Ka yi asuba ka fita, ka kasance a zaune kafin a fara ganin tafin hannu. Daga la'asar sakaliya zuwa dab da magariba ma ana samu, amma ka bar wa kanka hasken sauka.

2. Zuwan farko, bar kyamara a jaka

Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma a nan ake yin hoton. Je da rana, ka gai da mutanen wurin. Dam ɗin da ake ɗiban ruwan sha yana da masu gadi, ka same su ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu madubin da hotunan tsuntsaye a wayarka. Kada ka auna kyamara ga injina ko bangon dam sai da izini. A ƙauye ka nemi mai unguwa. Wasu tafkuna da duwatsu a tudun Jos suna da alfarma a al'adar masu ƙasar, akwai inda ba a taka, kuma baƙo ba zai san haka ba sai ya tambaya. Ka kuma tambayi halin da yankin yake ciki a makon nan, ba na bara ba. In an ce a dakata, ka dakata. Kada ka je kai kaɗai.

Sannan ka zagaya ruwan a hankali kana neman abu huɗu. Inda rafi yake shigowa tafkin, domin nan ne ruwa ba zurfi, nan laka take, nan abinci yake. Inda bado da ciyawar ruwa suka rufe. Busasshen reshe, turke ko dutse da ya leƙo daga ruwa, musamman wanda farin kashi ya ɓata, alamar akwai mai zama a kai kullum. Sai sawun ƙafa da gashin tsuntsu a laka.

Tafkin dutse sau da yawa gaɓarsa a tsaye take, ruwan ya yi zurfi tun daga baki. Irin wannan gefen kusan fanko ne, in ban da 'yar ƙaramar tsuntsuwar nan mai nutso da ke ɓacewa ta ɓullo can gaba. Kada ka ɓata safiyarka a nan don wurin ya yi kyau a ido. Kududdufan kuza kuwa a yi hattara da su ƙwarai: zurfinsu ya wuce yadda ake zato, ƙasar bakinsu tana zaftarewa, kuma sun ci mutane. Ja baya da taku uku daga gaɓa. Kada ka shiga kowane ruwa da ƙafa, ko don tsargiya.

Masunta da makiyaya da masu noman rani sun fi kowa sanin wurin. Tambaye su inda kirinjijiya take kwana, da ƙarfe nawa zalɓe yake zuwa. Amsar da za su ba ka ta fi mako guda na yawo.

3. Zaɓi wurin zama

Abu uku ne suke yanke wannan: rana, iska, da tsayin idonka.

Rana ta kasance a bayanka. Da safe ke nan kana gaɓar gabas kana fuskantar yamma, da yamma kuma akasin haka. In ka fuskanci rana, ruwa zai yi ta walƙiya, tsuntsu ya zama baƙin inuwa. Amma a kan tsauni akwai ƙarin lissafi. Dutsen da ke gabas yana tare rana, har ta fito da rabin sa'a ko fiye bakin ruwan da ke gindinsa yana cikin inuwa, alhali ɗaya gefen ya daɗe da haskakawa. Shi ya sa a zuwan farko za ka duba ta wace kafa rana za ta fara faɗowa a ruwa. Nemi wurin da dutsen ya yi gajere ko ya tsage, ka zauna daidai nan.

Iska ma ta kasance a bayanka. Tsuntsu yana tashi yana fuskantar iska, haka yake sauka, haka ma yake zama a reshe in tana kaɗawa. In iska na bugun ƙeyarka, fuska da ƙirji zai ba ka. In tana bugun fuskarka, wutsiya za ka yi ta ɗauka. A hunturu Allah ya sauƙaƙa: iska daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma daga gabas, wuri ɗaya ya biya bukata biyu. Da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, sai yamma ta fi safiya dacewa da hoton tashi.

Na uku shi ne wanda gangaren dutse yake ɓata wa kowa. Saboda kana saukowa daga sama, za ka hango agwagin ruwa daga kan tudu ka ji kamar ka ɗauka daga nan. Hoton zai fito, amma bayan tsuntsu ne da laka. Sauka har idonka ya yi kusan daidai da nasa. Zauna a ƙasa, ko ka kwanta rub da ciki a kan buhu, jakar wake a gabanka. Daga nan ne bayan hoton yake narkewa, tsuntsu ya fito shi kaɗai, inuwarsa a ruwa. Bambancin da ke tsakanin hoton tsaye da na kwance ya fi bambancin da ke tsakanin kyamarar dubu ɗari da ta miliyan.

Kuma kada ka tsaya a kan tsinin dutse inda sararin sama yake bayanka. Siffar mutum a sarari tana tashin duk abin da ke tafkin. Sa dutse ko kurmi a bayanka. In wurin fili ne, kafa sanda biyu ka rataya tsohon buhu ko guntun zana, ka huda wa gilashi kafa. In za ka iya barinsa ya kwana biyu a wurin, sun saba da shi kafin ka zo. Inda hanya ta kai bakin ruwa, mota ma maɓoya ce: kashe inji, sauke gilashi, kada ka fito.

4. Isa, ka zauna, ka yi shiru

Kashe ƙarar waya da ƙarar kyamara tun daga gida. Haska inda za ka zauna da tocila kafin ka sa hannu ko ka shimfiɗa buhu, domin tsagar dutse gidan maciji da kunama ce. Daga nan ka zauna.

Zuwanka zai kori na kusa. Ba su minti ashirin zuwa talatin, za su dawo in ba ka motsa ba. Wanda yawanci yake tona asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa. Da ya gan ka zai ɗau kururuwa yana shawagi, kowa ya ɗaga kai. Kada ka tanka, kada ka ɗaga kyamara. Zai gaji.

A safiyar sanyi za ka tarar hazo ya kwanta a kan ruwa, domin iska mai sanyi tana gangarowa daga dutse da dare ta taru a kwari. Kyamara ba ta iya kama saiti a cikinsa, sai ta yi ta kai da kawo. Yi amfani da lokacin wajen saurare da kallo. Da rana ta taɓa ruwan, hazon yakan yi ruwan zinariya na 'yan mintuna kafin ya watse, kuma zalɓen da ke tsaye a cikinsa a wannan lokacin ya cancanci duk sanyin da ka sha.

In dole ka matsa kusa da tsuntsu, kada ka nufe shi kai tsaye, kada ka zuba masa ido. Bi ta gefe, a duƙe, kana tafiya lokacin da kansa yake ƙasa yana kiwo. Da ya miƙe wuya ya daina ci, tsaya cik. Ya koma ci, ka ƙara taku biyu. In ya fara takawa yana nisa da kai, iyakarka ke nan.

5. Kalla kafin ka ɗauka

Daidaita madubin sau ɗaya. Rufe idon dama, ka juya babban zoben tsakiya har abu ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya ƙaramin zoben da ke idon dama. Shi ke nan, daga yanzu na tsakiya kaɗai za ka taɓa. Kuskuren ɗan koyo shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuyar da kai ya nemo madubi, ya ɗago ya rasa inda yake. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya zo ya sami idon.

Wajen gane iri, launi ne na ƙarshe. Fara da girma: ya kai kurciya, ko hankaka, ko dinya? Sai baki: dogo ne, lanƙwasasshe, ko gajere mai kauri na fasa tsaba? Sai tsawon ƙafa, sai abin da yake yi, sai kukansa. Rubuta a littafinka nan take, kafin ka buɗe wani littafin gane tsuntsaye ko manhaja, domin ido yana saurin yarda da hoton da aka nuna masa. Manhajar gane tsuntsaye mai suna Merlin kyauta ce, amma sauke kunshin yankinmu tun a gida, don sabis ba shi da tabbas a bayan dutse.

Waɗanda za ka fara haɗuwa da su a bakin ruwa ba baƙi ba ne: balbela, zalɓe, kirinjijiya mai farar fuska da ke fito in ta tashi, takabado mai dogayen yatsu a kan ganye, da shaida mai ƙeya kamar guduma. Akwai mai kamun kifin nan baƙi da fari da ke tsayawa wuri ɗaya a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa, da ƙaninsa shuɗi mai jan baki da ke laɓewa a ciyawar gefe. A rani kuma ka duba wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da farin ciki da ke bin gaɓa shi kaɗai yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa. Wannan baƙo ne, daga Turai ko Asiya ya ƙetaro hamada, kuma wajen Afrilu zai koma.

6. Saita kyamara

Abu uku ke haɗa hoto: saurin ƙiftawar kyamara, faɗin kafar da haske yake shiga, da lambar ISO, wadda ke ƙara haske amma tana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto in ta yi yawa. Ga tsuntsu, sauri ne sarki.

Juya maɓallin sama zuwa S, a Canon kuma Tv, inda kai ke zaɓar sauri, ka bar ISO ya zaɓi kansa. Tsuntsun da ke zaune, 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa. Ƙanana masu zirga-zirga, 1/1000 zuwa sama. Mai tashi, 1/2000. Kada ka ji tsoron ISO ya kai 1600 ko 3200 da sassafe a babbar kyamara. Hoto mai ɗan tsakuwa ana gyara shi, wanda ya yi rawa kuwa sai shara. Ƙananan kyamarori masu zuƙowa ba sa jure ISO mai yawa, don haka da su ka ɗora a kan jakar wake, ka rage sauri, ka jira tsuntsu ya natsu.

Sa saiti mai bin motsi, wato AF-C, a Canon kuma AI Servo ko Servo, da ɗigon saiti guda ɗaya a tsakiya. In ka bar wa kyamara ta zaɓa, ciyawar da ke gaba za ta kama. Ɗora ɗigon a kan ido. In ido ya fito, an yafe wa sauran. Kunna ɗauka a jere, amma ka riƙa sakin uku zuwa biyar, ba ka danne har memori ya cika ba. In kyamararka tana da RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, kuma kana da kwamfutar gyara, yi amfani da shi.

Akwai ɗan maɓalli mai alamar +/-, kuma a bakin ruwa ba ka rabuwa da shi. Farar balbela a kan ruwa mai duhu tana ruɗa kyamara: tana ganin duhu ya yi yawa sai ta ƙara haske, gashin ya ƙone fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Rage zuwa -1. Shirwa a farin sararin hunturu kuma akasin haka ne, ƙara +1 ko fiye, in ba haka ba baƙi ƙirin za ta fito. Duba hoton farko, ka gyara, ka kuma tuna ka mai da shi sifili in ka gama.

7. Ɗauka

Bar wa tsuntsu fili a gefen da yake kallo. Daidaita layin ruwa kada tafki ya karkace. Kafin ka danna, duba abin da ke bayansa: leda, turken wuta, reshen da ya tsiro daga kansa. Matsawar taki ɗaya hagu ko dama takan share su.

Kada ka yi ta harbin abin da ke ɗaya gaɓar don kyamararka tana iya zuƙo shi. Ƙurar hunturu tana tausasa hasken rana, har ta ƙara maka sa'a guda ta aiki, amma duk abin da ya yi nisa tana wanke masa launi. Da hantsi kuma dutse ya ɗau zafi, iskar da ke kansa tana rawa, hoton nesa ya fito a dame komai tsadar gilashi. In ka ga haka ba kyamarar ce ta lalace ba. Jira na kusa.

Hoton tashi yana bukatar ka san alamar tashi. Kirinjijiya sukan miƙe wuya gaba ɗaya su fara fito. Zalɓe yakan ɗan duƙa. Da yawa sukan yi kashi su juya su fuskanci iska. Mai kamun kifi kuwa yana da turken da yake komawa bayan kowane nutso, don haka kada ka bi shi da kyamara: saita a kan turken, ka jira ya dawo da kifi a baki yana buga shi. Fara koyo da balbela da zalɓe, masu tashi a hankali. Tsattsewa sai ka shekara.

Wajen ƙarfe 10 shanu sukan sauko shan ruwa, balbela a ƙafafunsu, wani lokaci carki a gadon bayansu. Gai da makiyayin, ka nemi izini kafin ka auna dabbobinsa. Inda mata suke wanki ko yara suke wanka, juya gilashinka gefe, a ga ka juya. In yara suka taru a kanka, kora ba ta aiki. Ba su madubin kowa ya leƙa sau ɗaya, sannan ka ce duk mai son ƙari ya zauna shiru ya nemo maka tsuntsu. Idonsu ya fi naka.

8. Juya ka fuskanci dutse

In bakin ruwa ya yi sanyi, rabin aikin yana bayanka. Da iska ta ɗumama, shirwa da shaho suna hawa ta jikin gangare ba tare da kaɗa fiffike ba, kuma in ka ɗan hau tudu za su wuce daidai idonka maimakon can sama. Kazar dutse tun da asuba ka ji kukanta, ganinta kuwa sai ka zauna kusa da tsagar da take bi, ta fito a guje da wutsiya a ɗage. A kurmin da ke bin rafi akwai kulkulu, da ɗan'uwansa mai launin shuni wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja wur.

A nan ne kuma tudun Jos yake da abin da ake tasowa daga wasu ƙasashe don a gani. Kowa ya san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar da ke tsince-tsince a tsakar gida. Tana da 'yar'uwa a cikin duwatsun nan wadda masana ba su tantance ta ba sai a 1998, suka sa mata suna Lagonosticta sanguinodorsalis. Namijin bayansa ja ne, bakinsa kuma shuɗi-shuɗi mai toka, ba ja irin na ta gida ba. Yadda aka gano ta ma abin ji ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a tudun, Vidua maryae, da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwai a ta wani, ɗansa kuma ya tashi da waƙar wanda ya rene shi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya ji yana kwaikwayon waƙar da ba ta yi daidai da ta kowace tsuntsuwa da aka sani ba, bin sawun waƙar ya kai ga mai ita. Neme ta a gindin duwatsu masu ciyawa da ƙananan itatuwa. A rani ƙishi yana sauko da ita, don haka ɗan ruwan da ya taru a kwarmin dutse ko bakin rafi mai inuwa ya fi ko'ina. Zauna taku goma daga nan, ka sa saurin 1/1000, ka jira.

Wanda yake son ya gan ta tare da masu sani, cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, tana dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos. An kafa ta a 2001, tana aiki da Jami'ar Jos. Daji ne da ake karewa, sai an nemi izini ake shiga.

Da damina, in ka ji tsawa ko daga nesa ne, sauka daga kan dutse, ka nisanci bakin ruwa da itacen da ke tsaye shi kaɗai, ka naɗe sandar kyamara.

9. Abin da ba a yi

Ba a jifa ko tafi don tsuntsu ya tashi a sami hoto. Baƙin da suka ƙetaro hamada kitse suke tarawa na komawa, kowane tashin banza ragi ne. Ba a sare reshen da ya rufe sheƙa, domin kai za ka tafi, hankaka da rana su zo. In uwa ta tashi daga kan ƙwai tana kuka, ko tana jan fiffike a ƙasa kamar ta karye, kai take janyewa daga sheƙa: koma ta inda ka fito, kana duba inda kake takawa. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi yana aiki, shi ya sa nake hana shi ga ɗan koyo. Namijin yana barin kiwo da 'ya'ya ya zo neman abokin gaba da babu shi. In ka sami sheƙar wani tsuntsu da ba a cika gani ba, sa hoton in kana so, amma kada ka faɗi takamaiman wurin a Facebook. Masu ɗanko da masu tarko ma suna da waya.

10. Bayan an dawo

Kada ka canza gilashi a fili lokacin hunturu. In dole ne, juya wa iska baya, bakin kyamara yana kallon ƙasa. A gida fara hure ƙura da ɗan famfon roba kafin ka goge, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi in an murza ta da bakin riga. In ka shigo ɗaki mai ɗumi daga sanyi, bar kyamarar a cikin jakarta rabin sa'a kada ta yi gumi.

Kwashe hotuna a ranar, ka zubar da masu rawa ba tausayi. Cikin ɗari, in ka tsira da biyar, safiyar ta yi kyau. Amma kada ka goge hoton tsuntsun da ba ka gane ba don ya yi muni, shi ne shaidarka in za ka tambaya. Sa wa kowane babban fayil kwanan wata da sunan wuri. Jerin da ka rubuta a littafi kuma ka shigar da shi eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye suke tara abin da suka gani, ko BirdLasser wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya suke amfani da ita. Ƙasar tana da nau'i sama da 900, kuma har balbela da hankaka ana so a rubuta, ba sai abin mamaki ba.

Da damina ajiye kyamara da madubi a roba mai murfi, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. In sun jiƙe, shanya su a rana mai zafi ka mayar. Kada ka bar kaya a cikin jaka mai laima ko a ƙasan durowar tufafi, kuma in za a yi makonni ba a fita ba, cire batir ka ajiye shi daban da rabin caji.